Tozalin 'Yardada

Ruwan shuka ya sauka a Kano ranar Lahadi da yamma, a daminar 1955. Da safiyar Litinin aka shigo da Garba ɗan dako caji ofis, mutum biyu suna riƙe da shi, hannunsa na dama yana reto kamar ba a jikinsa yake ba.

Sufeto Maharazu na 'yan dokan En'e yana zaune yana kankare taɓo daga takalminsa. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, shekararsa ashirin da biyu a aikin doka. A duk shekarun nan ba abin da ya tsana irin a kawo masa ɓarawo an riga an yanke masa hukunci a hanya. Ya dubi hannun, ya dubi 'yan rakiya.

"Wa ya karya shi?"

Suka dubi juna. Mutum ya fi goma suka biyo shi tun daga Dala, kuma ikon Allah, duk cikinsu babu wanda ya ga lokacin da hannun ya karye.

Wani dattijo mai farar riga da rawani ya matso. Alhaji Isyaku Mai Tozali ke nan, wanda rumfarsa ta fi ta kowa girma a layin 'yan tozali na Kasuwar Kurmi.

"Sufeto, ba maganar hannu ta kawo mu ba. Sata aka yi mini."

"Me aka ɗauka?"

"'Yardada. Gaba ɗaya."

Sufeto ya ajiye takalmin. Duk wanda aka haifa a cikin ganuwa ya san wannan suna. 'Yardada wani irin dutsen tozali ne da ba a samunsa ko'ina sai a gidan su Alhaji Isyaku. Tozalin kowa baƙi ne, shi kuwa in an niƙa shi sai ya ba da shuɗi-shuɗi mai ƙyalli. Ba a kwalliyar yau da kullum da shi. Ranar suna ake nemansa a ɗan sa wa jariri, sai kuma amaryar da iyayenta suke ji da ita. Mahaifiyar Sufeto kanta ta sha gaya masa cewa da 'yardada aka yi masa tozalin suna, tana faɗa kamar wata sarauta aka naɗa masa. An daɗe ana gutsura, yanzu abin da ya rage dunƙule ɗaya ne, bai fi ƙwallon giginya ba.

"Jiya da azahar wannan ya ɗauko mini adakar da dutsen yake ciki daga rumfa zuwa gida," in ji Alhaji. "Yau da safe na buɗe, wayam. Ina fitowa sai ga shi a ƙofar gidana da ƙunshi a kafaɗa, zai gudu."

Kofur Haruna ya kwance ƙunshin a kan kanta. Gishiri, sabon ruwan fartanya, atamfa yadi biyu, da alawa a takarda. Babu dutse.

Sufeto ya sa aka kori jama'a, aka aika a kira maɗori. Sannan ya jawo benci ya zauna kusa da Garba. Garba bai wuce shekara talatin da biyar ba, gashin tsakiyar kansa duk gammo ya cinye.

"Ina za ka da kaya?"

"Gida, ranka ya daɗe. Can bayan Ɗambatta. Ci-rani na zo, ruwa kuma ya sauka. Sallama na je yi wa Alhaji, wata biyar ina ɗaukar masa kaya."

"Ka buɗe adakar?"

"Da me zan buɗe? A kulle na ɗauka, a kulle na sauke."

Ya cije leɓe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba hannun ne damuwata ba. Ko da na hagu zan iya zuba iri in take da ƙafa, maƙwabta su taimaka mini da sara. Amma damshin nan kwana uku ne. Tsohona ba ya gani, matata tana da goyo, ba su san ma inda na binne irin ba. In ya wuce ban shuka ba, ban san me za su ci bana ba."

Sufeto ya tausaya masa ƙwarai, amma tausayi ba ya buɗe bayan kanta. An riga an rubuta ƙara, an sa ta gaban alƙali ranar Alhamis, kuma a duk faɗin Kano babu wanda zai tsaya wa baƙon ɗan dako beli. Ya sa takalminsa, ya hau kekensa.

Gidan Alhaji Isyaku yana gindin Dala, tsohon gini mai soro biyu. Adakar tana cikin shigifa, kusa da buzun sallah. Sufeto ya tsuguna ya juya kwaɗon. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Ina mabuɗin yake zama?"

"A aljihuna."

"Ko da yaushe?"

"In zan tafi masallaci nakan sa shi ƙarƙashin buzu. Amma wa ya sani?"

Sufeto ya ɗaga murfin. Akwai tsohon ƙyallen saƙi da ake naɗe dutsen a ciki, an ninke shi tsaf. A kan ƙyallen kuma ga wani ɗan abu a naɗe cikin ganye, an ɗaure shi da farin zare. Ya kwance. Farin goro ne guda ɗaya, ɗanye sharaf.

"Wannan fa?"

Alhaji ya kau da kai. "Goro ne. Ina jin daga aljihuna ya faɗa."

"Daga aljihunka ya faɗa, ya naɗe kansa a ganye, ya ɗaure da zare?"

Sufeto ya mai da goron yadda yake, ya sa a aljihu. Ya sha ganin ɓarayi, amma bai taɓa ganin wanda ya ninke wa mai kaya ƙyalle ya bar masa goro ba.

A cikin murfin an manna wata sabuwar takarda da rubutun boko. Ya karanta a fili: "Dutsen Madugu Mailafiya."

Nan fuskar Alhaji ta ɗan saki. Ya ce wani Bature ne na kamfanin ma'adinai ya ga dutsen a rumfa, ya juya shi, ya ce wannan ba tozalin da ya sani ba ne. Zai zo ranar Juma'a ya tafi da shi Ingila a auna, in an tabbatar sabo ne za a sa shi a littafi. "Ya tambaye ni sunansa, na sa akawunsa ya rubuta sunan mahaifina. Shi ya kawo shi garin nan. Jiya ma na karanta wa abokaina takardar a nan soro."

"To ita 'Yardada wace ce?"

"Ba mutum ba ce. Sunan wani ƙauye ne can kudu inda aka haƙo shi."

"Wane ƙauye? A ƙasar wa?"

"Ya daɗe da tashi."

Sufeto ya roƙe shi ya janye ƙara a kan Garba, ko ya tsaya masa, tunda ba a kama shi da komai ba. Alhaji ya ce sai dutsensa ya fito.

A soro na biyu, wajen fita, wata tsohuwa tana zaune a kan tabarma da ɗan dutsen niƙa a gabanta, tana niƙa baƙin tozali tana zubawa a tandu. Ƙanƙanuwa ce, yatsunta sun rine har ba a gane farce. Luba sunanta. Alhaji ya ce a gidan ta tashi, ita ke yi musu niƙa tun zamanin mahaifinsa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa, ɗan nan."

"Jiya da la'asar kina nan?"

"Ina nan."

"Kin ga wani ya shiga shigifa?"

"Idona ya mutu. Ba na ganin komai sai abin da ke gabana."

"Ke da kika tashi a gidan nan, wace ce 'Yardada?"

Hannunta ya tsaya a kan dutsen, sannan ya ci gaba. "Ni niƙa kawai nake yi."

Har ya kai ƙofa ta kira shi. Ta miƙo masa ƙullin fura a ganye. "Ka kai wa yaron nan. Kullum in ya sauke kaya nakan dama masa. An ce hannun ya karye?"

"Ya karye, Inna."

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da niƙa.

Ranar Talata Sufeto ya fara da zauren da Garba yake kwana. Aka ɗaga tabarmi, aka leƙa rufi, aka tono murhu. Babu komai sai tsofaffin gammo. Daga nan ya shiga Kurmi.

'Yan tozali ba su san wanda ya ɗauki dutsen ba, amma da ya tambayi asalin sunan sai kowa ya zama malami. Ɗaya ya ce aljana ce mai gadin ramin. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, kalmar Larabci ce bakin Hausawa ya lanƙwasa, da aka ce ya faɗi kalmar sai ya tuna yana da mai ciniki. Wani ya rantse sunan wata sarauniyar Barebari ce. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kiran suna ɗaya safe da yamma, ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne. Sufeto bai yi musu dariya ba, don shi ma sai jiya ya fara tambaya.

Ya nuna musu goron. Suka juya shi, suka ce goro ne mai kyau.

Wani mai tandu ne ya ce, "In kana son tsohon zance, ka nemi Malam Ɗantani a Ƙofar Wambai. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka bi ayarin Madugu Mailafiya."

Sufeto ya je, aka ce Malam ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai gobe. A hanyar dawowa rana ta take, taɓon lungu ya fara yin ɓawo a sama. Da ya shiga caji ofis ya tarar da Garba zaune bayan kanta, hannu cikin karan ɗori, ya ƙura wa 'yar tagar sama ido.

"Ranka ya daɗe, akwai hadari?"

"Babu, Garba."

Ranar Laraba da hantsi ya sami Malam Ɗantani a ƙofar gida, kan buzu, yana jan carbi. Tsoho ne tukuf, idanunsa sun yi fari.

"Allah ya gafarta Malam, wace ce 'Yardada?"

"Kai, yaro, zancen ya daɗe. Na manta."

Sufeto bai ja da shi ba. Ya ciro ƙullin goron ya sa masa a tafin hannu. Tsohon ya shafa ganyen, ya bi zaren da yatsa har ya kai kan ƙullin.

"A ina ka samo wannan?"

"A cikin adakar Alhaji Isyaku, a gurbin dutsen. An sace shi. Akwai bawan Allah a tsare da karyayyen hannu, gobe za a kai shi gaban alƙali."

Malam Ɗantani ya ajiye carbi. Da ya fara magana kuma, bai tsaya ba.

"Baiwa ce. Baiwar Madugu. Shekara biyar kafin zuwan Nasara, muna dawowa daga kudu, ni ina korar jakai. Muka yi zango a gindin wasu duwatsu. Ta tafi itace, ta dawo da wani abu yana ƙyalli a bakin zaninta. Madugu ya goga a dutse, ya shafa a bayan hannunsa, ya ce a sauke kaya, ba tafiya. Tsagin da abin yake ƙarami ne, namiji ba ya shiga. Ita siririya ce. Kwana biyu tana shiga da ƙwarya tana miƙowa. A na uku, da hantsi kamar yanzu, ƙasa ta rufta."

Ya goge ido da bakin rawani.

"Mun tona da hannu har azahar. Wani falalen dutse ne ya toshe bakin, mu goma muka kasa motsa shi. Ruwan shanmu ya ƙare. Madugu ya ce a ɗaura kaya. Ba wanka, ba likkafani, ba sallah. Haka muka bar ta."

"Sunan fa?"

"Matan gidan Madugu ne suka fara. In za su aika a karɓo sai su ce a ba su tozalin 'Yardada, don a bambanta da baƙin. Daga gida ya fita unguwa, daga unguwa ya shiga kasuwa. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da kalmar tozalin, sunanta kaɗai ya rage. Da dutsen nan Madugu ya gina gidan nan mai soro biyu. Amma abin bai bar shi ya yi barci ba. Sai ya kafa doka: duk ranar da aka gutsuri dutsen, a naɗe farin goro a ajiye a gurbin, ya kwana, washegari a ba wanda ya fara yin sallama, sadaka ga mai sunan. Isyaku ya bar yi tun da ubansa ya rasu."

"Yanzu wa ya san wannan doka?"

"Ni, da Isyaku, da 'yar."

"Wace 'ya?"

"'Yar da ta bari. Shekararta shida, tana zaune a bakin ramin. Ai ita ke naɗe goron tun tana ƙarama. Ba ka gan ta a soro tana niƙa ba?"

Sufeto ya yi godiya ya tashi. Ya sha gano mai laifi ya ji daɗi, wannan karon kuwa ji ya yi kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Ya biya caji ofis ya ɗauki Kofur Haruna, ya aika a gaya wa Alhaji ya same su.

Ɗakin Luba yana bayan gidan Alhaji, a ƙarshen wani lungu. Sun tarar da ita a ƙofa da ƙwaryar gumba, tana miƙa wa duk wanda ya wuce. Da ta ga kakinsu ba ta firgita ba. Ta miƙo musu su ma.

"Sadakar me, Inna? Wa ya rasu?"

"Ku dai karɓa ku yi addu'a."

"Ko za mu shiga daga ciki?"

Ta ɗaga musu asabari. Ɗakin ba komai sai gadon kara, tukunya, da 'yar fitila. Amma warin makubar daɓe ya cika shi, kuma a kusurwar gabas akwai wani wuri kamar faɗin faifai da aka yi wa sabon daɓe, ko bushewa bai yi ba.

"Inna, wa yake daɓe ruwa na sauka?"

Sufeto ya ciro goron ya ajiye a bakin gadon. Ta dube shi, ta zauna a hankali.

"Ka je wurin Ɗantani."

"Na je."

"To ka ji rabi." Ta gyara zama. "Da za ta shiga ran nan, ta cire kallabinta ta ce in riƙe mata kada ya yi ƙasa. Ina riƙe da shi abin ya faru. Su suna cewa ba a ji motsinta ba. Ni na ji, ɗan nan. Har aka ɗora ni a kan jaki ina ji."

Kofur Haruna ya juya ya fuskanci bango.

"Uwata ba ta da kabari. Ban san ma sunan duwatsun ba. Amma shekara hamsin da bakwai, duk gidan da aka yi haihuwa a birnin nan sai an ambace ta. Ba su san ta ba, suna dai kiranta. Ina niƙa ina ji, a aiko yarinya ta ce wai a ba da 'yardada. Da wannan na rayu. Ran Lahadi ina soro na ji Isyaku yana karanta wa mutane takarda. Za a kai dutsen ƙasar Turawa, kuma sunan Madugu za a sa. Mutumin da ya ce a ɗaura kaya."

"Sai kika ɗauki mabuɗi."

"Da ya tafi la'asar. Na san inda yake sa shi tun yana saurayi. Na yi mata wanka, na naɗe ta a farin ƙyalle, na haƙa nan na sa ta. Dutse ne, na sani, ban haukace ba. Amma shi kaɗai ne abin da ya fito daga inda take."

"Goron fa? Kin san shi zai tona ki."

"Ban yi tunani ba. Hannuna bai iya ɗauka ya bar gurbin haka ba." Ta taɓa ganyen. "Na Garba ne ma. Shi ya fara sallama ran Litinin."

Sufeto ya ji tausayinta ƙwarai, amma akwai abin da ba zai iya haɗiyewa ba.

"Kina ina lokacin da ake dukansa?"

"Ina soro. Ina jin ihunsa." Hawaye ya gangaro mata, ya bar baƙin layi a kumatu. "Na yunƙura zan tashi, sai na ce in na faɗa yanzu, yau za a tone ta. Na ce bari ta sami kwana uku kamar kowane mamaci, in yi mata sadaka, sannan in kai kaina. Wallahi da la'asar ɗin nan nake shirin zuwa."

"Inna, kwana ukun nan ba naki ba ne. Na Garba ne. Su ke nan damshin gonarsa, kuma yau ya ƙare."

Ba ta san da zancen gona ba. Ta ɗora hannu biyu a ka ta sunkuya, kafaɗunta suna girgiza, ba sauti.

Kofur ya samo fartanya ya fasa daɓen. Da farin ƙyallen ya bayyana ta ce a bari ta ɗauko da kanta. Ta tsuguna ta ɗago shi da hannu biyu, ta kakkaɓe ƙasar, ta miƙa wa Sufeto.

Daidai nan Alhaji Isyaku ya iso yana haki. Ya ga ƙyallen, ya miƙo hannu.

"Alhamdu lillahi. Kawo."

"Shaida ce, Alhaji. Sai alƙali ya gani."

"Baturen jibi zai zo!"

"Sai ya jira." Sufeto ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Tun ran Litinin da ka ga goron nan ka san ba Garba ba ne. Ka san hannun da ya ɗaure shi. Ka gwammace baƙo ya tafi gidan yari da a tashi zancen ramin nan a gaban alƙali."

Alhaji ya dubi Luba, wadda ta goya shi yana jariri, sannan ya dubi ramin da ke ɗakinta. Ya ce, "Mahaifina ne, Sufeto." Ya juya ya fita.

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya harare shi, ya mayar. Luba ta rufe sauran gumbar da faifai, ta ce wa maƙwabciya ta rabar, ta yafa mayafi. Tafiyar da keke yake yi cikin minti goma sai da suka yi kusan awa, Sufeto yana tura keken a gefenta, mutanen Dala sun fito ƙofar gida suna kallo. Cikinsu har da waɗanda suka yi rakiyar Litinin, kuma yau ma ba mai abin cewa.

A caji ofis Sufeto ya buɗe littafin rahoto ya yi rubutu. Luba tana tsaye gaban kanta, kanta da ƙyar ya wuce katakon.

"Me ka rubuta, ɗan nan?"

Ya karanta mata. "An samu dutsen tozali guda ɗaya, mai suna 'yardada, sunan matar da ta gano shi, wadda ta rasu a raminsa."

"Littafin nan ana yar da shi?"

"Ba a yarwa, Inna. Ajiyewa ake yi."

Ta gyaɗa kai.

Aka buɗe bayan kanta, Garba ya fito yana rungume da hannunsa. Kofur ya ɗaure masa ƙunshinsa ya rataya masa a kafaɗar hagu. Da ya ga tsohuwar sai ya rusuna.

"Inna, ke ce da kanki? Ai da ba ki wahalar da kanki ba. Furar ta iso, na gode."

"Ba dubiya na zo ba, Garba. Ni na ɗauka."

Ya yi murmushi, yana jiran ta ƙarasa wasan. Ya dubi Sufeto. Sufeto ya gaya masa a taƙaice: ramin, yarinya mai shekara shida, takardar Bature, sadakar uku. Murmushin ya tafi a hankali. Garba ya dubi karan ɗorin da ke hannunsa, ya leƙa waje inda ƙasa ta bushe ta yi fari, ya daɗe a haka.

"Ka yafe mini," in ji ta. "Ban san da gonarka ba."

Sufeto ya zaci zai yi zagi, kuma da ya yi, ba zai hana shi ba. Garba ya gyara ƙunshin a kafaɗa.

"Inna, da kin gaya mini tun ran Lahadi. Ai a kaina adakar take tun daga Kurmi. Da na biya da ita ta ƙofarki."

Ya fita, ya nufi Ƙofar Mazugal da ƙafa, bai waiwayo ba. Luba ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ta shiga inda ya fito. Kofur Haruna ya tsaya da mabuɗi a hannu yana duban Sufeto, sai da aka ce masa ya rufe sau biyu.